Fita Hutu Ƙasar Waje da Juna Biyu: Ciki Ke Zaɓen Lokaci da Wuri

Ma'auratan da ke son fita ƙasar waje su ɗan huta kafin haihuwa sukan ɗauko shirin daga wutsiya. Sai an gama kallon hotunan bakin teku da na otal-otal a waya, an tsai da ƙasar da za a je, wani sa'in ma an biya kuɗin tikiti, sannan a tuna ya kamata a ji ta bakin likita. A lokacin kuwa kuɗi ya riga ya fita, rai ya riga ya kwanta a kan tafiyar, ko likita ya nuna shakka ba lalle a saurare shi ba. Irin wannan tafiya ba ta da laifi a likitance, tana kuma da amfani na gaske, amma da sharaɗin cikin ne zai yanke kowace shawara. Shi zai faɗi makon da za a tashi, shi zai faɗi nisan da za a iya, shi zai soke wasu ƙasashe daga lissafi tun kafin a duba farashinsu. Abin da ido ke sha'awa shi ne na ƙarshe a layi. Wanda ya bi wannan tsari zai ga tafiyarsa ta ƙanƙance, gari ɗaya, masauki ɗaya, kwana biyar zuwa goma, kuma wannan ƙanƙancewar ce ke mai da ita hutu.

A fara da lissafin makonni, domin a nan ake yawan tuntuɓe. A gida da watanni muke ƙirga ciki, a ce wata huɗu, wata biyar da 'yan kwanaki, amma asibiti da kamfanin jirgi da kamfanin inshora duk da makonni suke aiki, makonni 40 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Makonni 13 na farko lokacin laulayi ne, amai da kasala da ƙin warin abinci, kuma a cikinsu ne mafi yawan ɓari ke aukuwa, a cikinsu ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa ke bayyana, wanda aikin gaggawa yake bukata. Daga mako na 28 kuma jiki ya yi nauyi, baya na ciwo, ƙafa na kumbura, hawan jinin masu ciki da naƙudar da ba ta kai lokaci ba sun matso kusa. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce tsakanin mako na 14 da na 28 ne ya fi dacewa da tafiya. Ni a ganina gara a ƙara matse wannan tazara. A bari a yi babban hoton cikin nan na tsakanin mako na 18 da na 22, wanda ke nuna inda mabiyiya ta zauna da yadda gaɓoɓin jariri suke, sannan a tashi, a dawo wajen mako na 24, in an daɗe 26. Jaririn da ya zo a mako na 26 ko na 27 yana iya rayuwa a asibiti mai kayan aiki, amma zai shafe watanni a kwalba, iyayensa su maƙale a ƙasar da suka je da niyyar mako guda, biza na ƙarewa, kuɗi na zuba. Ga gwajin suga na masu ciki da ake yi tsakanin mako na 24 da na 28, ga allurar da ake yi wa masu rukunin jini nagatif a mako na 28, in kuma cikin fari ne, a gidaje da yawa wata na bakwai ake tafiya goyon ciki. Duk waɗannan a gida ya kamata su same ta. A tuna kuma ranar dawowa ce ake yi wa lissafi, domin cikin da aka tafi da shi ba shi za a dawo da shi ba.

Iyaye za su ce mai ciki ba ta doguwar tafiya, balle ta sama, kuma ba daidai ba ne a watsar da maganarsu da sunan wayewa. Maganar kashi biyu ce. Kashin da ke cewa jirgi na girgiza ciki ya zube, ko iskar sama na cutar da ɗan tayi, bincike bai goyi bayansa ba. Ana daidaita iskar cikin jirgi ta zama kamar ta wuri mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, abin da mace mai lafiya da abin da ke cikinta ke ɗauka ba wahala. Na'urorin bincike na filin jirgi ba sa taɓa ciki, kuma kwalejin likitocin mata ta Birtaniya ta bayyana cewa in ciki lafiyayye ne, babu shaidar hawa jirgi na jawo ɓari, ko fashewar faya, ko naƙuda kafin lokaci. Ɗaya kashin kuwa, wanda shi ne ainihin abin da ke hana uwa barci, gaskiya ne tsantsa: in wani abu ya taso, 'yarta na nesa da ita, nesa da likitan da ya san ta, a hannun mutanen da ba sa jin harshenta. Wannan tsoro da shiri ake amsa shi, gardama ba ta kashe shi. Akwai ma matan da maganar iyaye ta hau kansu ɗari bisa ɗari, waɗanda zama ya fi musu: wadda ta ga jini a wannan cikin, wadda mabiyiyarta ta sauko ta tare bakin mahaifa, wadda ta taɓa haihuwar bakwaini ko aka ɗaure mata bakin mahaifa, mai hawan jini, mai ƙarancin jini mai tsanani, mai ciwon zuciya ko na huhu, da mai sikila, musamman in ciwon ya motsa kwanan nan, domin ƙarancin iska da bushewar jiki a jirgi na iya tada shi. Mai tagwaye ma sai likita ya yarda ƙarara. Kuma kunyar cikin fari kada ta sa a fita a ɓoye. Ko ba a shelanta wa dangi ba, mahaifiyarta ko yayarta ta san ƙasar, ta san masaukin, ta san ranar dawowa.

Wadda ba ta cikin matan da zama ya fi musu sai ta je awo na musamman saboda tafiyar, makonni huɗu zuwa shida kafin tashi in da hali, kuma maigida ya raka ta, domin shi zai yi wa likitocin can bayani in ita ta kasa. A auna hawan jini, a duba yawan jinin, a gwada fitsari, domin ciwon sanyin mafitsara da ba a lura da shi ba yana iya tada naƙuda. Gab da tafiya kuma a koma a karɓi takarda mai kan asibiti da hatimi, wadda ta faɗi makon da cikin yake, ranar da ake sa ran haihuwa, ɗaya ne ko tagwaye, da cewa likita bai ga abin da zai hana tafiya ba. Kamfanonin jirgi da yawa ba sa neman wannan takarda kafin mako na 28, amma macen da cikinta ya fito sosai ma'aikacin kanta na iya tsai da ita, tunda shi da ido kawai yake aiki. Ƙa'idar da ta fi yawa ita ce ba a ɗaukar mai ɗa ɗaya bayan mako na 36, mai tagwaye bayan na 32. Emirates, alal misali, tana neman takardar likita daga mako na 29. Kowane kamfani da nasa tsari, a karanta kafin a biya, har da na jirgin cikin gida da zai kai ku Abuja ko Legas. A haɗa da katin awo, sakamakon hoton ciki, rukunin jini da jinsinsa, a ɗauki hotonsu a wayoyinku ku biyu, ainihin takardun kuma su zauna a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a auna.

Rigakafi ma yana iya yanke wa mutum ƙasa. Masar da Afirka ta Kudu da Indiya suna cikin masu neman shaidar rigakafin zazzaɓin shawara daga wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar. Allurar na ɗauke da ƙwayar cutar mai rai da aka raunana, saboda haka ba a yi wa mai ciki ita sai in babu makawa. Wadda ta taɓa yi tana da katinta ta huta, domin tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da cewa allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Wadda ba ta taɓa yi ba likita na iya rubuta mata takardar uzuri, amma ƙasar da za a shiga na da ikon ƙin karɓa, don haka a tambayi ofishin jakadancinta tun da wuri, in sun ƙi a sauya ƙasa, kada a bi ta hanyar katin bogi. Magunguna kuwa a tafi da isassu, maganin ƙarin jini da folik asid da farasitamol da maganin ƙwarnafi da garin gishiri da suga na masu gudawa, kowanne a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Daular Larabawa da Masar suna tsanantawa ƙwarai a kan irin su tiramadol, jiƙe-jiƙe da garin magani marar suna kuma ba su da mai yi musu bayani a gaban jami'in kwastan.

Inshora ce wurin da na fi son mai karatu ya dakata. Yawancinmu don biza muke sayen ta, tunda ƙasashen Turai masu bizar Shengen ba sa karɓar takardu sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000, sai a cusa takardar a jaka ba a karanta ko layi ɗaya ba. Ga mai ciki wannan ganganci ne. A tambayi kamfanin, a kuma nemi amsa a rubuce, har zuwa mako nawa yake ɗaukar matsalar da ta shafi ciki, ko yana mayar da kuɗin tikiti da otal in likita ya hana tafiya, ko yana ɗauko marar lafiya zuwa gida. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ta jariri: in ya zo kafin lokaci, inshorar ta haɗa da shi ko uwa kaɗai ta sani? Da yawansu uwa kaɗai suka sani, alhali kwanciyar bakwaini na makonni a asibitin Dubai ko Landan kuɗi ne da ke iya cinye gida da mota. A Ingila baƙo mai bizar ziyara ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin, bashin asibiti da ya kai Fam 500 kuma yana iya hana mutum biza nan gaba. Ɓoye cikin lokacin sayen inshora ya fi rashin sayenta muni, domin da wannan ɓoyewar za su kafa hujja su ƙi biya. Mai ƙyashin inshora ta fuskar addini ya nemi tsarin takaful ya yi musu waɗannan tambayoyi. Wanda kuɗinsa ya isa tikiti da otal amma bai isa inshora mai kyau ba, kuɗinsa bai isa tafiyar ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai yanzu aka zo kan ƙasa, kuma ma'auni na farko nisa ne. Kano zuwa Alƙahira, ko Legas zuwa Kasabalanka, tafiya ce da ba ta wuce sa'a biyar ba. Legas zuwa Dubai ta kusa takwas. Tsibiran Asiya da na Karibiyan kuwa yini guda ne cur da yada zango a hanya. Jirgi ɗaya kai tsaye ya fi mai araha da zai ajiye mai ciki sa'a tara a kujerar filin jirgi. Ma'auni na biyu sauro. Wani zai ce ai da maleriya muke kwana muke tashi, mene ne abin tsoro a Zanzibar ko Mombasa? Amsar ita ce ciki na rage wa mace garkuwar da ta saba da ita, maleriya kuma na jawo mata ƙarancin jini da ɓari da haihuwar ƙaramin jariri, shi ya sa ake ba ta Fansidar wata-wata a wurin awo. In har za a kashe kuɗi don ta huta, a kai ta inda aka sauke mata wannan nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Daular Larabawa ta rabu da maleriya a 2007, Maroko a 2010, Masar a 2024. Sai dai cuta ɗaya ba ta isa a yi hukunci da ita ba. Tsibiran Cape Verde sun sami wannan shaida a 2024, amma a 2015 sun yi fama da Zika, cutar nan da sauron rana ke yaɗawa, wadda a Barazil ta sa aka haifi jarirai masu ƙananan kawuna har aka ayyana ta a matsayin matsalar gaggawa ta duniya a Fabrairun 2016. Ba ta da rigakafi, ba ta da magani, ana kuma ɗaukar ta ta hanyar saduwar aure, don haka a binciki halin da ƙasa ke ciki a wannan shekarar, musamman Kudancin Amurka da Karibiyan da Kudu maso Gabashin Asiya. Na uku zafi: Dubai a Yuli da Agusta tana haura digiri 40, haka Luksor da Aswan na Masar, gara a nufe su tsakanin Nuwamba da Maris.

In an tsai da gari, asibiti ake fara nema kafin otal. A buɗe taswira a gano asibitin da ke da ɗakin haihuwa mai aiki dare da rana da ɗakin kula da bakwaini, a tabbatar inshorarku na aiki da shi, sannan a nemi masauki da bai wuce rabin sa'a ba daga ƙofarsa. Wannan kaɗai ya fitar da ƙaramin tsibirin da sai da kwalekwale ake barinsa, da tantin cikin sahara, da gidan kan dutse mai kyan hoto. A duba harshe ma: a Maroko Larabci da Faransanci ne a bakin ma'aikatan jinya, abin da zai yi wa mutumin Maraɗi ko Damagaram sauƙi fiye da na Kano. A ajiye lambar motar asibiti a waya tun daga gida, 112 a Turai da Turkiyya, 998 a Daular Larabawa, 123 a Masar. Masaukin ya kasance da lif ko ɗaki a ƙasa, da wurin wanka da ba sai an tsallaka baho mai santsi ba, in da ɗan kicin kuwa ya fi, domin kwaɗayin mai ciki ba ya duba ƙasar da yake. Ƙullin garin kunu da busasshiyar kuɓewa da yaji, in dokar ƙasar ta yarda a shiga da su, sun sha ceton daren da abincin otal ya ƙi shiga.

A cikin jirgi haɗarin gaske ɗaya ne, daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Ciki da kansa na sa jini saurin daskarewa, zaman da ya wuce sa'a huɗu kuma na ƙara haɗarin, gudan jinin kuwa in ya ɓalle ya tafi huhu yana kisa. Maganinsa ba wuya. A zaɓi kujerar bakin hanya, ta riƙa tashi tana takawa duk rabin sa'a ko sa'a guda in jirgi ya daidaita, tana juya idon sawu in tana zaune, ta sa safar nan mai matse ƙafa da ake sayarwa a kantin magani, wadda aka auna daidai ƙafarta, ta kuma sha ruwa sosai. Mata da yawa na ƙin shan ruwa don gudun yawan zuwa banɗaki a gaban mutane, wannan kunya ce mai cutarwa, kuma aikin maigida ne ya miƙe ya raka ta. Bel a ɗaure shi ƙarƙashin ciki, a kan ƙugu, a bar shi a ɗaure duk lokacin da take zaune. Mai ƙiba sosai, ko wadda jini ya taɓa daskare mata, ta faɗa wa likita, wataƙila ya rubuta mata allurar tsinka jini.

Abinci shi ne inda hutun ke yawan ɓaci, kuma babban otal ba kariya ba ne. Teburin ɗebi-da-kanka na cike da abubuwan da ba na mai ciki ba: cuku mai laushi na madarar da ba a dafa ba, yankakken nama mai sanyi, ɗanyen kifi, ƙwai mai ruwa-ruwa, naman da aka gasa cikinsa da ja. Ƙwayar listeriya da ke zama a irin waɗannan kan ba uwa ɗan zazzaɓi kawai, amma ta kashe abin da ke ciki. Dokar mai sauƙi ce, abin da aka dafa ya nuna kuma yana turiri, da 'ya'yan itacen da za ta ɓare da hannunta. Ruwa na gora mai hatimi, ƙanƙara da lemon da aka matse a bakin titi a haƙura da su, domin ciwon hanta nau'in E da ke bin gurɓataccen ruwa yana yi wa masu ciki mummunan kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tsohon ciki yana iya kashe kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na waɗanda ya kama. Ɗanyen nonon raƙumi da ake miƙa wa baƙi a ƙasashen Larabawa a ce an gode. Gahawa da shayi mai kauri a taƙaita, abin da bai wuce kofi biyu ba a yini, goro ma yana cikin lissafin.

Abin da za a yi da kwanakin shi ne gwajin ko an fahimci tafiyar. Wasu abubuwa a rufe suke: nutso a teku da tukunyar iska, sukuwar mota a kan tudun yashi da ake kai baƙi a Dubai, hawan raƙumi ko doki, lilon wuraren wasa, ɗakin turiri da bahon ruwa mai zafi irin na hamam ɗin Maroko da Turkiyya, domin ɗaga zafin jiki ba ya yi wa ɗan tayi kyau. Manyan jiragen ruwa na shaƙatawa ma yawancinsu ba sa ɗaukar wadda ta shiga mako na 24. Amma abin da ya fi kayar da matanmu ba ya cikin waɗannan, kasuwa ce. Da zarar an ji za a fita sai saƙonni su fara sauka, wannan abaya, wannan turare, wannan gwal, ga kayan jarirai da ita kanta ke son haɗawa, sai mai cikin wata biyar ta wuni a tsaye a kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira ko babbar kasuwar Istanbul, ta dawo ƙafa a kumbure, a ce an je hutu. A ware wa sayayya rabin yini ɗaya, a rubuta abin da za a saya, saƙon jama'a kuma maigida ya ɗauke shi ko ya ba da haƙuri tun daga gida. Sauran kwanakin fita ɗaya a yini ta isa, da safe ko bayan la'asar, sai barcin rana, sai ɗan tattaki a bakin ruwa, sai iyo a hankali in akwai wurin da ya dace da ita. Sauƙin da addini ya yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salla, da wanda ya yi wa marar ƙarfi na salla a zaune, a karɓe shi. Wani zai ce wannan ai zaman ɗaki ne da tsada. To amfanin tafiyar ke nan: mako guda da ba ta ɗora tukunya ba, ba ta tari baƙi ba, mijinta kuma ba ya kasuwa ba ya majalisa, suna da sararin yin maganar da gida ba ya bari, inda za a haihu, wanda zai zauna da ita, yadda kuɗi zai isa. Bayan haihuwa da wankan jego da arba'in da raino, irin wannan sarari zai daɗe bai dawo ba.

Akwai masu cewa in dai za a fita, me zai hana a yi Umara a haɗa hutu da lada? Niyya ce mai kyau, kuma mata da yawa na yin ta da ciki lafiya, amma a kira ta da sunanta, ibada ce mai wahala. Safa da Marwa kaɗai ya kai wajen kilomita uku, ga ɗawafi, ga turereniya, ga mura da tari da ke yawo cikin taro. Hukumar Alhazai ta Najeriya ba ta barin mai ciki ta tafi Hajji, shi ya sa ake yi wa mata maniyyata gwaji. Wadda ta zaɓi Umara ta kauce wa Ramadan, ta kama masauki kusa da Harami, ta hau keken turawa ba tare da jin nauyi ba. Masu cewa gara a adana kuɗin don haihuwa da suna kuwa suna da gaskiya muddin tafiyar za ta taɓa kuɗin asibiti. A fara ware na haihuwa, har da na tiyata in ta kama, abin da ya saura shi ake hutu da shi, in bai kai ƙasar waje ba otal mai natsuwa a wani gari na cikin gida zai ba da mafi yawan amfanin. Haɗa hutu da niyyar haihuwa a can kuma wata magana ce daban mai nata dokoki. Tun Janairun 2020 Amurka ke hana bizar ziyara ga wadda aka fahimci ta je ne don ɗanta ya sami takardar ƙasa, Birtaniya ta daina bai wa jariri ƙasa don kawai an haife shi a can tun 1983, ƙasashen Larabawa kuwa dama ba sa yi. Tikitin dawowa da takardar likita su ne amsar mai ciki a gaban jami'in shige da fice.

Ku biyun ku haddace alamomin da ba a jira da su gari ya waye: jini ko ruwa na zuba, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, amai ko gudawa da suka hana ruwa zama, da raguwar motsin jariri ga wadda ta fara jin sa. Ko ɗaya aka gani, asibiti kai tsaye, a kira inshora daga mota, kada a ce bari a daure a koma gida. Zazzaɓi kuma yana da nasa tarko. Likita a Istanbul ko Landan yana iya shekara bai ga maleriya ba, ba lalle ta zo masa a rai ba, alhali sauron da ya cije ta a Kano ko Zariya mako biyu da suka wuce yanzu ne aikinsa zai fito. Maigida ya faɗa da bakinsa tun a kanta cewa daga ƙasar maleriya suka zo, a yi mata gwaji a ranar, kuma kada ta sha ragowar maganin da ke jaka kafin a gwada. Bayan an dawo ta koma awo cikin makon, ta kai duk takardar da aka rubuta mata a can, ta faɗi ƙasar da ta je da kwanakin da ta yi. A ci gaba da lura da ƙafafu da numfashi na wasu makonni, domin daskarewar jini na iya bayyana bayan an sauka, in kuma an bi ta ƙasar da ke da Zika, likita zai ce a yi amfani da kwaroron roba har ƙarshen cikin, ya kuma ƙara yawan hoton da za a yi don bin girman kan jariri.